Kyaftin Cammish a Kujerar Wanzami

Wilfred Cammish bai iya iyo ba. Ubansa ma bai iya ba, haka kakansa. Masuntan Skarnby na wancan zamani sun yarda cewa wanda ya faɗa tekunsu da hunturu, iyo ba zai ƙara masa komai ba sai tsawon wahala. Da wannan ilimi Wilf ya shiga kwale-kwalen ubansa tun gemu bai fito masa ba, yana jawo tarkon ƙaguwa daga ƙarƙashin ruwa. Da shi kuma ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana riƙe da sitiyarin jirgin ceto na garin, jirgin da ba ya fita sai ranar da duk mai hankali ke neman hanyar shigowa.

Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar faifai, magana kuwa sai an matsa take fitowa. Mutanen gari Kyaftin suke kiransa. A shekarar da wani jirgin gawayi ya hau kan duwatsun arewacin tashar jiragen ruwa, shi ya kutsa tsakanin igiyar ruwa da dutse ya kwaso ma'aikatan jirgin kaf, har da karen kukunsu. Aka aiko masa da lambar yabo daga London. Da ɗan jarida ya tambaye shi yadda ya ji a ranar, ya yi shiru har mutumin ya fara duba agogo, sannan ya ce, "An ɗan jiƙe."

Matarsa Enid, wadda ta yi rabin rayuwarta tana bandar kifi a rumfar bakin tasha, ba ta ɓoye wa kowa cewa ita ta nemi aurensa. Ya daɗe yana rako ta gida daga wurin aiki, kullum hirarsa ɗaya, ko za a yi ruwa gobe ko ba za a yi ba. Ran nan ta ja ta tsaya a ƙofar gidansu ta ce, "Wilf, in aurena kake so ka gyaɗa kai. In kuma labarin hadari ka zo ba ni, muna da taga." Ya gyaɗa kai. Sun haifi 'ya'ya mata uku, duk sun yi aure sun bar gari.

Abokinsa na gaske guda ɗaya ne, Cedric Pashby wanzami. Benci ɗaya suka zauna a firamare. Cedric ya gaji shagon ubansa da ke tsakanin gidan burodi da kantin igiya: kujera ɗaya, babban madubi ɗaya, da bencin masu jira. Dogo ne siriri mai farar riga, kuma duk kan namijin da ke Skarnby ya bi ta hannunsa, tun daga askin farko har wanda ake yi wa mutum kafin a sa shi a akwati. Tun da matarsa ta rasu, shagon nan ya zama shi ne gidansa, shi ne danginsa.

A shagon akwai abin da kowa ya tashi ya tarar. In Cedric ya gama aski, yakan ɗauko ƙaramin madubi ya ɗaga a bayan kanka don ka ga ƙeyarka a cikin babban. Kai kuma ka duba dama, ka duba hagu, ka gyaɗa kai ka ce, "Ya yi, Cedric. Madalla." Ba a taɓa jin wanda ya faɗi wani abu dabam ba. Ko ƙeyar wani aka nuna maka, abin da za ka ce ke nan, ka biya, ka yi godiya, ka fita.

Wajen shekarar 1974 ƙeyoyin Skarnby suka fara karkacewa.

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Da farko saje ɗaya ne ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo. Daga nan aka fara ganin matakala a bayan kai, da 'yan filaye nan da can kamar gonar da tumaki suka shiga. Maza suka koma sa hula har cikin zafin watan Yuli. To amma a coci dole a cire hula, matan ƙungiyar mawaƙa kuwa a benen baya suke zama, komai a gabansu yake. Enid ta ce in ka hango layin ƙeyoyin nan daga sama, sai ka rantse cocin ne ya kwanta gefe guda.

Kowa ya san dalili. Farar yana ce, irin mai rufe gani, ta sauko wa Cedric a ido biyu. Kowa kuma ya ci gaba da cewa madalla.

Len Duggleby direban motar kifi shi ne farkon wanda ya zubar da jini. Almakashi ya ɗebe masa gefen kunne. Da yamma ya shigo mashaya da filasta, aka kewaye shi.

"Me ka ce masa?" wani ya tambaya.

"Haƙuri na ba shi mana. Na ce ni na motsa."

"Ka motsa ɗin?"

"Ni da ko numfashi na ɗauke? Amma me kake so in ce? Bawan Allah yana ta lalube a kan tebur yana nema mini auduga, ga audugar a gabansa tana kallonsa." Duggleby ya shafa filastar. "Ku dai tuna, yau almakashi ne. Ran Asabar gyaran gemu ake yi, aska tsirara a maƙogwaro. Kuma an ce ciwon nan yana da magani, in ya je asibiti. Dole wani ya gaya masa."

Kowa ya yarda dole wani ya gaya masa. Kowa kuma ya juya ya kalli kusurwar da Wilf yake zaune da kofinsa.

"Kai ne, Kyaftin," in ji Duggleby. "Mutumin da ya shiga bakin mutuwa ya ciro kare, gaya wa wanzami magana ɗaya zai gagare shi?"

"Teku dabam," in ji Wilf. "Ba na haɗuwa da ita a coci ran Lahadi."

Duk da haka ya karɓa, don bai taɓa ƙin fita ba in an kira shi.

Da safe ya sa hularsa ya nufi shagon. Mutum biyu ya tarar a benci. Suna ganinsa kowannensu ya tuna yana da uzurin gaggawa a gida. Aka bar shi daga shi sai Cedric.

"Wa ke nan? A'a, Wilf, na gane takunka. Zauna mana."

Mutum ba ya shiga shagon wanzami ya tsaya ƙerere ba dalili. Wilf ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Cedric," ya ce, "akwai wata magana."

"Ina jinka, mutumina."

Wilf ya dubi abokinsa ta madubi, ya ga yadda ya sunkuyo har hancinsa na taɓa gashi, yana neman inda ya tsaya.

"Kamar za a yi ruwa," in ji Wilf.

Ya fito da sabon aski. Mako na zagayowa ya koma, ya sake fitowa da wani. A mako na gaba da shi Cedric ya dafa musu shayi, ya ce shi dai ya gode wa Allah da ya ba shi mutanen da ba su taɓa guje masa ba, a zamanin da samari suka daina aski suna yawo kamar tsintsiya. Wilf ya shanye shayinsa ya sayi kwalbar man gashi, ya kawo gida ya ajiye.

Duggleby ya ce abin da ya rage ƙarfin halin kwalba ne. Ya saya masa babban kofi na barasar da matuƙan jirgi ke sha don sanyi, ya rako shi har ƙofar shago ya tura shi ciki. Wilf ba mashayi ba ne can. Ɗumin shagon da laushin kujera suka haɗu da abin da ke cikinsa, barci ya kwashe shi. Da ya farka rabin gashin bakinsa ya tafi, gashin bakin da yake kiwo tun kafin aure. Cedric ya ɗaga madubi. Wilf ya duba dama, ya duba hagu, ya ce madalla. Enid ce ta cire masa ɗaya rabin a kicin, tana yi tana tsayawa tana share hawayen dariya da gefen zanen gabanta.

A wannan makon ne ta ji wani malami a rediyo yana bayanin tsofaffin kalmomi, ta ajiye maganar har lokacin cin abinci.

"Ka ji abin da mutumin rediyo ya ce?" ta tambaya tana zuba masa dankali. "Wai kalmar nan ta jarumta da aka rubuta a bayan lambarka, a bakin kakanninmu ba shiga teku take nufi ba. Zuciya take nufi, da duk abin da ke cikinta, fushinka da sonka da ƙinka. Jarumi a wurinsu shi ne wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa."

Wilf ya ci gaba da tauna.

"To a ma'aunin kakanninka, maigida, kai ne babban matsoracin gaɓar nan. Ya kamata a aiko daga London a karɓe lambar a bai wa kyanwa. Ita in tana jin yunwa tana faɗa."

"Kakannina ba su san Cedric ba," in ji Wilf. "Shagon nan shi ke nan abin da ya rage masa, Enid. In na gaya masa, na rufe shi."

"In ba ka gaya masa ba fa?"

Amsar ta zo da kanta ran Alhamis. Wilf yana tsaye bakin kantin igiya sai ga Cedric ya fito sayen madara. Ya ɗaga hula ya gaida jan akwatin wasiƙun da ke bakin titi, ya tambaye shi yaya ƙafar maigidan. Akwai wata mata a unguwar mai jan kwat da ɗan jiki, ya ɗauka ita ce. Da akwatin bai amsa ba, Cedric ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya sauka kan titi. Daidai nan Duggleby ya sauko gangaren tasha da mota cike da kifi. Ya taka birki, akwatuna suka zubo, kifi ya watsu har ƙofar gidan burodi. Hancin motar ya tsaya yana shafar farar rigar wanzami. Cedric ya ba motar haƙuri ya ƙarasa tsallakawa.

Duggleby ya sauko daga mota. Ya juya ya zuba wa Wilf ido.

Wilf ya jira Cedric ya dawo da madararsa, ya bi shi ciki ya zauna a kujera ya cire hula. Cedric ya shafa kan da tafin hannu, ya ji shi sumul kamar ƙwai.

"Haba Wilf, me zan aske a nan? Kwanan nan ka fi kowa son aski."

"Gemu," in ji Wilf.

"Yau ba Asabar ba ce."

"Ya fito da wuri."

Cedric ya kwantar da kujerar. Ya ciro tawul daga ruwan zafi, ya matse, ya lulluɓe masa fuska duka, sannan ya juya ya fara wasa aska a jikin fata. Ƙarƙashin tawul ɗin duhu ne da ɗumi da jiƙa, ba ka ganin kowa, ba wanda ke ganinka. Wilf ya san irin wannan wuri, a cikinsa ya yi rabin rayuwarsa, cikin hazo a bayan sitiyari.

"Cedric," ya ce, "ba ka gani."

"Me ka ce? Tawul ya toshe maganar."

Daga baya Wilf ya gaya wa Enid cewa maimaitawar nan ta fi masa jirgin gawayi wuya. Ya cika ƙirjinsa, ya saki muryar da yake ba da umarni da ita cikin guguwa, har mai burodi ta ji ta bango.

"Na ce idonka ya tafi, Cedric! Akwatin wasiƙa ka gaida! Ka yanke wa Len kunne, yanzu kuma saura ƙiris ya taka ka! Kan kowa a garin nan ya karkace, har na fasto! Ka je asibiti, don ni ba ni da wani aboki in ba kai ba!"

Ƙarar aska a jikin fata ta tsaya. Wilf ya ji bencin masu jira ya yi ƙara, alamar an zauna a kai.

"Har na fasto?" in ji Cedric a hankali.

"Nasa ya fi muni."

"Tun yaushe?"

"Tun bara waccan."

"Kuka yi ta ce mini madalla."

"To me za mu ce?"

Cedric ya ce, "Ka ɗauka ban san ba na gani ba? Ni ke cikin idon. Amma na ce tunda kowa ya ce ya yi, hannuna ne ya haddace aikin. Kullum da safe in ina buɗe ƙofa nakan ce, yau in mutum ɗaya ya yi ƙorafi, na rufe na je wurin likita. Ba wanda ya yi. Ya zan rufe ƙofa a kan mutanen da ke jin daɗin aikina? Ai rashin kunya ne."

"Mu kuma muka ce ya za mu guji mutumin da ke buɗe mana ƙofa."

"Sakarkaru," in ji Cedric. Ya ja hanci. "Kuma akwai wata. An ce da wuƙa ake yin aikin. Wuƙa a ido, Wilf."

"Kai da ka shekara arba'in kana ɗora aska a wuyan mutane?"

"Wuyan mutane ne, ba nawa ba."

Tawul ya huce ya yi sanyi a fuskar Wilf. Ya ce, "In cire abin nan?"

"Bar shi tukuna," in ji Cedric.

Tare suka hau bas zuwa asibitin babban gari. Likita matashi ne mai son bayani. Ya zana ido a kan allo, ya nuna inda za a tsaga da abin da za a ciro. Cedric ya saurara da hannuwansa a kan gwiwa. Bai kai ga cewa komai ba sai aka ji tim a gefensa: Kyaftin Cammish ya sulale daga kujera ya miƙe a ƙasa. Ya farfaɗo ya tarar da nas tana ba shi shayi mai sukari, Cedric kuma yana riƙe da hularsa yana dariya har da tari. Cikin wannan dariyar ya ce wa likita ya amince.

Layin aikin ido dogo ne, shago ya yi watanni a rufe. Akwai wanzami a garin da ke gaba, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ba wanda ya je. Zuwa wurinsa cin amana ne. Gashi ya yi ta tsiro yadda aka bar shi, gefe ɗaya na gaba da ɗaya. Kafin hunturu ya fita, dattawan masuntan Skarnby sun koma kamar samarin nan masu kiɗan jita. Duggleby da igiyar taru yake ɗaure nasa.

Cedric ya dawo da tabarau mai kaurin gindin kwalba, idanunsa a ciki manya kamar na mujiya. Ranar da ya buɗe, layi ya kai gidan burodi. Aski ya dawo daidai, saje biyu kamar an auna. Sai dai mutumin da ke riƙe da almakashin ya sake hali. A kwancen da ya yi a asibiti ya yi tunani, ya gano cewa kara ce ta kusa kai shi ƙarƙashin motar kifi, ya kuma ƙudura ba zai yi wa kowa irin wannan zaluncin ba.

Fasto ne ya fara ji. Cedric ya gaya masa amosani ya cika masa kai, kuma huɗubarsa ta yi tsawo. Duggleby ya samu labarin cewa 'yan silin gashin da yake jawowa daga wannan kunne zuwa wancan ba su rufe sanƙonsa ba, nuna shi suke yi. Wani dattijo ya ji cewa baƙin da yake shafawa a kai yana zuba a wuyan riga, duk gari sun sani. A mashaya aka daina kiran Wilf ya zo kusa da wuta.

"Mu cewa muka yi ka gaya masa ido," in ji Duggleby. "Wa ya ce ka buɗe masa baki?"

Wilf ya bari layi ya ragu kafin ya je. Cedric ya ɗaura masa ƙyalle, ya ja da baya, ya ƙare wa kan kallo ta cikin tabarau, ya zagaya ya duba ta ɗaya gefen.

"Wilf, zan gaya maka wata gaskiya, tunda kai ka fara. Karkacewar naka askin ba duka laifin idona ba ne. Kanka ne a karkace. Tun muna samari nake barin gashi ta hagu don in rufa maka asiri."

Wuyan Wilf ya yi ja, jan ya hau har kunne. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Shayinka," ya ce, "kamar ruwan wankin taru yake. Ban taɓa shanye shi don daɗi ba."

"Au, haka ne?"

"Haka ne. Kuma kai ka fasa wa malamin lissafi tagar mota, ni aka zane."

Cedric ya ajiye almakashi ya jawo benci.

Wilf ya bar jirgin ceto bayan 'yan shekaru, gwiwoyinsa suka ƙi. Ya koma gyaran tarko a bayan gida da noman kabeji. Amma duk Alhamis yakan sa hula ya gangara shagon, ko akwai gashi ko babu, su biyun su kama. Ba abin da ba su tono ba: wanda ya fi rowa, wanda ya fara ganin Enid, wanda muryarsa ke ɓata waƙa a coci. Wilf yakan fito yana huci ya ce shi da shagon nan har abada, Enid ta ce to, ta zuba masa abinci. Mai gidan burodi ta ce ita ba ta da ƙorafi. Bangon siriri ne, kuma ran Alhamis mutane sukan daɗe a gaban kanta suna zaɓen burodi.